Yadda Ake Kama Kifin Bas da Tanar Roba a Ruwa Mai Ciyawa

Bas mai babban baki kifin Amurka ne, daga tafkuna da kogunan gabashi da kudancin ƙasar, ko da yake an kai irinsa Jafan da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naibasha na Kenya. Babu shi a ruwayenmu. Kifi ne maharbi, kuma ba ya wahalar da kansa da bin abinci nesa. Laɓewa yake yi a ƙarƙashin ganyen bado ko cikin duhun ciyawa, abin da ya gifta kusa da shi ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwa. Mafi girma da aka taɓa rubutawa shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da ɗoriya, sai wanda Manabu Kurita ya kama a tafkin Biwa na Jafan a 2009 da ya yi kunnen doki da shi. Wanda mai fatsa zai riƙa samu yau da kullum bai wuce rabin kilo zuwa kilo 2 ba.

Matsalar ita ce inda kifin yake nan ne ƙugiya ba ta iya shiga. Ka jefa ƙugiya mai buɗaɗɗen tsini cikin ciyawa, kafin ta yi taku ɗaya ta kwaso damin ganye. Nick Creme ne ya fara narka roba ya zuba ta a siffar tana a garin Akron na jihar Ohayo a 1949, daga baya kamfaninsa ya koma garin Tyler a Teksas, inda madatsun ruwa suke cike da itatuwa da ciyawa. A can ne masunta suka saba da mayar da tsinin ƙugiya cikin jikin tanar, abin da har yau ake kira ɗaurin Teksas. Wannan ɓoye tsinin shi ke ba ka damar ratsa ciyawa, kuma shi ne dai ke sa kifi ya kuɓuce maka, domin sai tsinin ya fasa roba kafin ya taɓa bakin kifi. Duk zaɓin sanda da zare da nauyi da yadda za ka fizga, daga nan suka samo asali.

Kayan aiki

Sanda. Nemi mai tsawon ƙafa 7 zuwa 7 da inci 3, kimanin mita 2.1 zuwa 2.2, mai ƙarfin gindi, wadda kashi ɗaya bisa huɗu na samanta ne kawai ke lanƙwasa. Sanda mai laushi tana shanye ƙarfin fizga, tsinin ba zai fito daga roba ba. Idan ciyawar ta yi tabarma a saman ruwa, ƙara tsawo zuwa ƙafa 7 da rabi ko kusan 8, ka ɗauki mafi tauri.

Kwarkwaron naɗe zare. Wanda ake ɗorawa a saman sanda ya fi dacewa da zare mai kauri. Zaɓi mai sauri, wanda juyin hannu ɗaya ke juya shi sau 7 ko fiye, saboda sau da yawa kifi yakan ɗauki tanar ya taho wajenka, kana bukatar kwashe saken zare nan take. Ƙulle birkinsa sosai, yadda sai ka ja da ƙarfin gaske zare zai fita.

Zare. Iri biyu ne ke aiki a nan. Fulorokabon, wani zaren roba garau kamar gilashi, mai ɗaukar fam 15 zuwa 20 yana nutsewa, ba ya bayyana sosai a ruwa, kuma shi ake so a gefen ciyawa ko inda take tsilla-tsilla. Kitsattsen zare mai fam 50 zuwa 65 kusan ba ya talewa, yana yanka ciyawa kamar zarto, shi ne na cikin duhu. Zaren nailan yana talewa da yawa. Idan kifi ya ci daga nisan mita 20, rabin fizgarka a talewar zare za ta ƙare. Kada ka ji tsoron kaurin kitsattsen zare a cikin ciyawa, kifin da ke kwance tsakanin jijiyoyi da saiwoyi ba ya bambance shi da su.

Ƙugiya. Ana amfani da mai lanƙwasa biyu a wuya, ƙarƙashin ido, wadda ke riƙe kan tanar kada ya zame. Tana mai inci 6 zuwa 7 tana son lamba 3/0 ko 4/0, mai inci 10 kuma 5/0. Ƙa'idar da ta fi lamba muhimmanci ita ce ratar da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiya ta kai ninki biyu na kaurin tanar. Idan kifi ya danne, robar na bukatar wurin da za ta kauce. Ratar ta yi kaɗan, robar ta cike ta, tsinin ba shi da inda zai kama. Da kitsattsen zare ɗauki ƙugiya mai kaurin ƙarfe, siririya miƙewa take yi.

Nauyi, wato ɗan ƙarfen da ke nutsar da tanar. Siffar harsashi gare shi, da kafa a tsakiya. Ruwan da bai wuce mita ɗaya da rabi ba mai ciyawa kaɗan, giram 3.5 zuwa 5 ya isa. Mita 2 zuwa 4, giram 7 zuwa 10. Iska mai ƙarfi ko ciyawa mai kauri, giram 14. Na fasa tabarma yana farawa daga giram 28 har 56. Na dalma ya fi araha, na tangistan, wani ƙarfe mai tauri da nauyi, ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi ƙanƙanta a nauyi ɗaya, don haka ya fi zamewa tsakanin ganye, kuma taurinsa yana sa ka ji ko ƙasan ruwan laka ce ko tsakuwa. A wasu jihohin arewa maso gabashin Amurka, irin su Niyu Hamsha da Men, doka ta hana ƙananan nauyin dalma saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiyarsu. Fara da mafi sauƙin nauyin da zai kai ka ƙasa. Yawancin masu koyo nauyi suke cikawa, tanar ta faɗa kamar dutse ta nutse a laka.

Ita kanta tanar. Mai miƙaƙƙen jiki ta fi ratsa ciyawa. Mai wutsiya kamar ƙyalle tana kaɗawa da kyau, sai dai wutsiyar kan naɗe a jikin ganye, shi ya sa ta fi dacewa da gefe. Launi bai kai muhimmancin da masu sayarwa ke ba shi ba. Ruwa garau, kore mai duhu irin na bawon kankana ko na kabewa. Ruwa mai launin shayi irin na tafkunan Filorida, ko mai laka, baƙi da shuɗi ko jar garura mai duhu. Fakiti uku sun isa yini guda.

Ɗaurin, mataki bayan mataki

1. Zura ɗan robar tsayar da nauyi a zare, ka tura shi sama. 2. Zura nauyin, tsininsa yana kallon sanda, faffaɗan gindinsa yana kallon ƙugiya. 3. Ɗaure ƙugiya da ƙullin Palomar: ninka zare kimanin santimita 15, zura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli sako-sako da shi, shigar da ƙugiyar duka ta cikin madaukin, jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali. Duba kada zarurrukan biyu su hau kan juna a cikin idon. Fulorokabon da ya gicciye kansa yake yankewa. Bar ragowar milimita 3.

4. Soka tsinin a tsakiyar kan tanar daidai, ya shiga kimanin milimita 6, ka fito da shi ta gefe. 5. Ja tanar ta bi jikin ƙugiya har ta haye lanƙwasar wuya ta rufe idon, kana juya ƙugiyar yadda tsinin zai fuskanci jikin tanar. 6. Kafin ka soka, jingina ƙugiyar a gefen tanar tana rataye a miƙe, ka dafa da babban yatsa daidai inda gwiwar ƙugiyar ta tsaya. Nan ne wurin sokawa. 7. Ɗan lanƙwasa tanar, soka tsinin a wurin, ka ratsa har ya fito ta ɗaya gefen ya kwanta a bayanta. 8. Ja robar gaba kaɗan, ka saki, yadda bakin tsinin zai shige ƙarƙashin fatar robar da kamar milimita 1 ko 2.

Matakai na 6 da na 8 su ne inda aiki ke lalacewa. Ka soka nesa da wurin, tanar ta yi doro. Ka soka kusa, ta ɗame. Duk biyun suna sa ta riƙa juyawa a ruwa kamar farfela, zarenka ya murɗe, kifi kuma ya ƙi ta. Ɗaga ta sama ka duba, in ba ta miƙe sak ba cire ka sake. Shi kuma ratsa tsinin har waje kafin a mayar da shi ƙarƙashin fata yana buɗe masa hanya tun da wuri, ba sai lokacin fizga zai fara huda roba mai kauri ba. Gwada da yatsa: shafa bayan tanar daga kai zuwa wutsiya, bai kamata ka ji tsini ba; danna ta kaɗan, ya kamata ya leƙo.

Batun tsayar da nauyi: a cikin ciyawa sauko da robar nan har ta kusan taɓa nauyin, ka bar ratar milimita 2. In ka bar shi yana yawo, nauyin zai faɗa ta wata kafa, tanar ta rataye a kan ganye a sama. A buɗaɗɗen gefe kuwa bar shi sake, tanar ta fi saukowa a hankali bayansa.

Ina kifin yake

Filin ciyawa na iya kai girman gona, amma kifin ba ya baje a cikinsa. Nemi duk inda wani abu ya sauya: bakin ciyawar ta wajen zurfi, ramukan da ke tsakiya, inda ta yi hanci ta shigo ruwa, inda ta yi lungu, inda iri biyu suka haɗu, misali bado da haidirila, ko inda kututture ya tsaya a cikinta. Haidirila ciyawar cikin ruwa ce, baƙuwa a Amurka, ta shiga Filorida a shekarun 1950 ta hanyar masu sayar da ciyawar akwatin kifi, yanzu kuma ita ce mafakar bas a manyan tafkuna irin su Okeechobee a Filorida, Guntersville a Alabama da Sam Rayburn a Teksas. Tana tashi daga ƙasa ta yi rufi a sama, ƙarƙashinta kuma akwai sarari kamar rumfa. Kainuwa da danginta masu yawo a saman ruwa haka suke yi, inuwa a sama, fili a ƙasa.

Zaɓi kore mai rai. Ciyawa mai rai tana sakin iskar shaƙa da rana, ƙananan kifaye su taru, bas ya biyo su. Wadda ta yi ruwan ƙasa, take yauƙi tana wari, ruɓewa take yi tana cinye iskar, wuce ta kawai. Da sassafe da yamma, ko ranar da aka yi hadari, kifin yana fitowa gefe yana kewaya. Rana ta take, sai ya shige duhu, kuma a lokacin ne ya fi sauƙin sanin inda yake. Yana cin abinci sosai idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 12 jikinsa ya mutu, sai ka rage girman tana da nauyi, ka ninka jira. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana nuna maka ramukan da ido kawai ba zai gani ba.

Jifa da jan tana

A cikin ciyawa jifan kusa ya fi na nesa, mita 5 zuwa 15. Riƙe nauyin a hannu ɗaya, sauke kan sanda, ka lilo shi ƙasa-ƙasa kusa da fuskar ruwa, ka danne kwarkwaro da babban yatsa daf da faɗawa don ya shiga shiru. Ƙarar jirgi, jan akwati a kan katako, inuwarka a kan rami, duk suna korar kifi a ruwa marar zurfi.

Da ta faɗa, bar ta ta nutse a tsaye. Zaren kada ya ɗame, don zai janye ta daga ramin, kuma kada ya yi sake har ka kasa ganin motsinsa. Bi shi da kan sanda yana sauka. Sa ido a daidai inda zaren ya shiga ruwa, domin kaso mai yawa na cin yana faruwa ne a wannan saukar ta farko. Ƙirga a zuci. Idan a jifa biyar da suka wuce sai ka kai huɗu take taɓa ƙasa, wannan karon ta tsaya a biyu, to wani abu ya tare ta.

Ta taɓa ƙasa, jira daƙiƙa 3 zuwa 5. Ɗaga sanda a hankali daga daidai ƙirji zuwa saman kai, tanar ta tashi kimanin santimita 30 zuwa 50, sauke sanda, naɗe saken, sake jira. Da sanda ake motsa tana, kwarkwaro aikinsa kwashe zare ne kawai. In ta maƙale a ganye, fara da girgiza kan sanda a hankali, yawanci za ta zame. Ta ƙi, yi mata gajeriyar fizga da wuyan hannu ta ɓalle, sannan ka sake ta nan take ta faɗi, saboda wannan ɓallewar na cikin abubuwan da ke tunzura bas. A rami ɗaya ɗagawa biyu ko uku sun isa, fito ka jefa a na gaba.

Ci da fizga

Cin bas ba kullum yake zuwa da ƙarfi ba. Wani lokaci ƙwanƙwasa ɗaya ce kamar an taɓa sandar da farce. Wani lokaci zaren ne zai zabura, ko ya fara tafiya gefe, ko ya yi sake haka kawai. Manyan sukan zo da wani nauyi mai laushi kamar ka kamo jiƙaƙƙen tsumma. Ciyawa ma haka take, bambancin shi ne ciyawa ba ta ja da baya. In kana shakka ɗan ɗame zaren ka tsaya. Abu mai rai zai motsa. Taɓe-taɓe masu sauri a jere kuwa ƙananan kifaye ne ke jan wutsiya, rabu da su.

Da ka tabbata, sauke kan sanda wajen kifin, naɗe har ka fara jin nauyinsa, sannan ka fizga sama da ƙarfi, da kafaɗa da ƙugu, ba da wuyan hannu kaɗai ba. Duka wannan bai wuce daƙiƙa 2 ba. Tsohuwar shawarar nan ta a ƙirga goma kafin a fizga ba ta da amfani, bas yana zuƙe tanar duka a lokaci ɗaya, jira kawai yana ba shi damar tofar da ita ko ya haɗiye ƙugiyar har maƙoshi. Da kitsattsen zare a kusa rage ƙarfin kaɗan, don ba ya talewa, yana iya yaga leɓen kifin ko ya karya sanda.

Daƙiƙa biyar na farko su ke yanke hukunci. Juyo kansa sama, ka ci gaba da naɗewa ba tsayawa, ka jawo shi ta saman ciyawa. Ka ba shi taku ɗaya ya nutsa, zai naɗe zaren a saiwoyi. In hakan ta faru kada ka yi ta fizga. Riƙe zaren a ɗame, matsa da jirgi har kansa, bi zaren da hannu ka tsinke ciyawar. A Filorida da sauran jihohin kudu duba da kyau kafin ka sa hannu, akwai kada a irin wannan ruwan.

Sauye-sauye biyu

Na farko babu nauyi sam. Tana mai kauri da gishiri a jiki, irin Senko mai inci 5, tana da nauyin kusan giram 10 ita kaɗai, ana iya jefa ta. Ɗaure ta kamar yadda aka bayyana da ƙugiya 4/0 mai faɗin rata, jefa ta a ramin bado ko saman ciyawar da ba ta kai fuskar ruwa ba, ka bar ta ta sauka a kwance tana karkarwa. Haƙuri take so, kuma iska na ɓata ta. Gishirin yana sa ta saurin yagewa, kifi biyu ko uku ta gama.

Na biyu fasa tabarma. Nauyin tangistan giram 28 zuwa 56, robar tsayarwa biyu, kitsattsen zare fam 65, ƙugiya miƙaƙƙiya mai kauri da ƙaya a wuya, da gajeriyar tana marar wutsiya. A nan ana naɗa zaren ne a jikin ƙugiya maimakon ƙulli a ido, kuma a shigar da shi idon ta ɓangaren da tsini yake. Idan ka fizga, nauyin ya bugi idon, tsinin ya tashi sama zuwa dasashin kifi. Lilo nauyin ya ɗan yi sama ya faɗo a tsaye ya huda rufin. Bai shiga ba, girgiza. Har yanzu bai shiga ba, ƙara nauyi. Yawancin cin yana zuwa ne da zarar ya ɓulla ƙarƙashin rufin. Aiki ne mai gajiyar da hannu, ci kaɗan ne, amma nan manya suke da tsakar rana.

Abin da ke lalacewa da dalilinsa

Ka fizga, tanar ta dawo a dunƙule a gwiwar ƙugiya: kan ya yage ya zame daga wuya. Yanke santimita 1 daga kan ka sake ɗaurawa, ko ka ɗiga ɗan gam mai saurin kamawa a wuyan. Tanar ta dawo lafiya, tsini bai fito ba: ka binne shi da zurfi, ko sandar ta yi laushi, ko ka fizga da saken zare. Zare na tsinkewa a ƙulli, bakinsa a murɗe kamar wutsiyar alade: ƙullin ne ya warware ko ya ƙone saboda ba a jiƙa shi ba. Ya tsinke a sama da ƙulli, bakinsa a kurje: ciyawa ko bakin kafar nauyi ne ya ci shi. Bayan kowane kifi shafa mitar ƙarshe ta zaren tsakanin yatsu biyu, ka ji kaushi yanke ka sake. Kana kwaso ciyawa kowane jifa: duba ko idon ƙugiya ya fito daga roba, ko akwai rata tsakanin nauyi da kan tana, nan ganye ke shiga. Gwada kaifin ƙugiya a farcenka, in ta zame ba ta kama ba wasa ta ko ka sauya.

Ajiye tana a fakitinta. Launuka na zuba a jikin juna, kuma irin mai talewa sosai, kamar ta kamfanin Z-Man, tana narkewa idan ta haɗu da ta roba ta yau da kullum. Wadda ta yage sa ta a aljihu, kada ka jefa a ruwa, kifi na haɗiyarta ta tsaya masa a ciki.

Kowace jiha a Amurka tana da lasisin kamun kifi nata da ƙa'idar tsawo da adadin da za a ɗauka, kuma yawancin masu wannan fatsa sakin kifin suke yi. Jiƙa hannu, kama leɓensa na ƙasa da babban yatsa a ciki, babba kuma tallafe cikinsa da ɗaya hannun don kada muƙamuƙinsa ya goce. Ƙugiyar da ta shige maƙoshi, in ba za ta fito da sauƙi ba, yanke zaren kusa da ita. Kafin barin tafki cire duk ciyawar da ta maƙale a jirgi da farfela da tirela, guntun haidirila ɗaya yana iya tsirowa a wani ruwan.

Wanda ke fatsa a fadamun Haɗeja da Nguru ko gefen madatsun da kachala da kainuwa suka rufe ba zai ga bas ba, amma ɗaurin bai san sunan kifi ba. Tufi ma a ciyawa yake laɓewa yana jiran abin da zai gifta. Haƙoransa sun fi na bas kaifi, don haka ƙara guntun fulorokabon mai fam 30 ko 40, tsawon kamu biyu, tsakanin zare da ƙugiya, kuma kada ka sa yatsa a bakinsa.